Ceton Katantanwar Tafkin Tanganyika Daga Kan Tudu Zai Fara

A wajenmu, da zarar an ambaci dodon koɗin ruwa, cutar tsargiya ce ke faɗo wa mutane a rai, don haka ba kowa ne zai damu da jin cewa wasu nau'o'insa na fuskantar barazana ba. Amma waɗanda ake magana a kansu a Tafkin Tanganyika, wanda ƙasashen Tanzaniya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, Burundi da Zambiya suka kewaye, ba dangin masu yaɗa tsargiya ba ne, kuma fiye da nau'i 40 daga cikinsu ba a samunsu a ko'ina a duniya sai a wannan tafki mai zurfin kimanin mita 1,470.

Tun da Baturen Ingila mai yawon bincike John Speke ya tsinci katantanwarsu a bakin tafkin a 1858, kaurinta da ƙayoyin wasunta, masu kama da na katantanwar teku, suka sa masana suka daɗe suna zaton tafkin ragowar teku ne. Daga baya aka gane cewa a nan suka samu wannan siffa cikin miliyoyin shekaru, wataƙila saboda ƙaguwar tafkin da ke fasa su tana ci. Abin da ya fi burge ni shi ne nau'in Neothauma, wanda bayan mutuwarsa katantanwarsa ke taruwa a ƙasan ruwa, wasu ƙananan kifaye su mai da ita gida, su zuba ƙwai a ciki.

Babbar matsalar daga tsaunuka take gangarowa. Idan aka sare itatuwa domin noma da gawayi, ruwan sama kan kwaso laka ya zuba a tafki, ta rufe duwatsun da gansakukar da dodon koɗin ke ci take tsirowa. An lura cewa gaɓar dajin Gombe na Tanzaniya, kusa da garin Kigoma, inda aka hana sara, ta fi maƙwabtanta ƙarancin laka.

Ƙasashen huɗu sun rattaba hannu kan yarjejeniyar kula da tafkin a Dar es Salam a 2003, kuma hukumarsa tana Bujumbura. A ganina, hankali ya fi karkata ga kamun kifi, alhali manomin kan tudu, wanda talauci ya tura shi sare daji, shi ya fi buƙatar a ba shi irin itace da hanyar tare zaizayar gonarsa. Kuɗin da za a kashe masa a can zai rage lakar da ke binne gaɓar da kifin masuntan Kigoma ke hayayyafa.