Littattafan Alhaji Suna Jikin Falmaran

Akanta: Kawu, ina littattafan?

Alhaji: Na karatu? Suna wajen Liman.

Akanta: Na lissafi. Uku ka ce mini a waya: na gona, na shago, da na ƙungiyar marayu.

Alhaji ya miƙe a tsakiyar rumfa, ya gyara rawani, ya buɗe falmaran ɗin da ke kan jallabiyarsa.

Alhaji: Ga su. Aljihun dama gona. Na hagu shago. Na ciki, kusa da zuciya, marayu.

Akanta: Wannan mai zif ɗin fa?

Alhaji: Babban banki ke nan. Duk wanda ya bushe a cikinsu, shi yake ba shi rance.

Akanta: Shi kuma a ina yake samu?

Alhaji: A wajen sauran ukun mana. Kai fa aka ce ka yi jami'a a Khartum.

Akanta ya ajiye kwamfutarsa a kan tabarma, ya kurɓi jabana, gahawar mutanen Sudan. Ta riga ta huce, don Alhaji ba ya yarda a ɗora gawayi sau biyu saboda ɗan ƙanwa.

Akanta: To mu fara da gona. Riɗin bana nawa ka sayar?

Alhaji: Ɗan abin da ba a rasa ba. Miliyan tamanin.

Akanta: Ƙaninka Baba Sale kuma nawa kake bin sa?

Alhaji: Biliyan uku! Biliyan uku cur, yana yawo a Gadarif yana cin agashe a gabana.

Akanta: Kawu, bashin Baba Sale da tsohon kuɗi ka faɗe shi, riɗinka da sabo.

Alhaji: To, laifi ne?

Akanta: Tun 1992 dinari ya maye gurbin tsohon fam, a 2007 kuma aka dawo da sabon fam. Sabon fam ɗaya tsohon fam dubu ne. Biliyan ukun nan miliyan uku ce kawai. A littafi dole mu tsaya kan guda.

Alhaji: Ai a kan guda nake tsaye. Abin da nake bi, da tsoho. Abin da ake bi na, da sabo. Shekara da shekaru ban taɓa ruɗewa ba.

Gaskiyarsa ta wani gefen. Rabin Sudan har gobe dubu suke kira miliyan. Alhaji ne dai kaɗai ya mayar da abin sana'a.

Liman ya yi sallama, ya zauna, ya tarar ana zancen zakka. Da ya sani da ya wuce.

Akanta: Fadan ɗari uku ka noma, kusan eka ɗari uku ke nan, dawa da riɗi, duka da ruwan sama. Ushuri ne, buhu ɗaya cikin goma. Ma'aikatan Diwanin Zakka kuma ba sa jiran ka kai da kanka, suna nan a kasuwar amfanin gona.

Alhaji: Liman, ba na ji ka ce wanda ya sha wahalar ban ruwa rabin ushuri zai ba da ba?

Liman: Haka ne, Alhaji. Ɗaya cikin ashirin. Amma wannan ga mai injin ruwa ne a bakin kogi, ko mai jan rijiya.

Alhaji: Ni ma na sha wahalar ruwan. Wa ya kai ragon roƙon ruwa? Wa ya tsaya a rana bayanka yana amin har murya ta dushe?

Liman: Alhaji, ragon nan ai marayu ne suka...

Alhaji: Rance ne! Aljihun ciki ya ranta wa na dama. Yaro, rubuta: ban ruwa.

Akanta: Ba zan rubuta ba, Kawu.

Alhaji: To nisabi nawa ne?

Liman: Wusuƙi biyar. Wajen kilo 653.

Alhaji ya runtse ido yana taɓa gaɓoɓin yatsu, leɓe na motsi. Nan ne za ka gane mutumin ya fi kwamfutar sauri idan lissafin na ragewa ne.

Alhaji: 'Ya'yana goma sha tara. Jikoki talatin da ɗaya, da wanda ke ciki. Idan na raba musu kowa buhu bakwai ba kaɗan...

Liman: Kyauta ka ba su?

Alhaji: Kyauta, har ranar da masu zakka suka wuce.

Liman: A'uzu billahi.

Akanta: Mu bar wannan. Na ga kuɗi mai yawa ya shigo daga Bankin Manoma a watan Yuni, ka ce riba ce.

Alhaji: Ya shigo ko bai shigo ba?

Akanta: Ya shigo. Amma salam ne, Kawu. Banki ya biya ka kuɗin dawa tun ba ka shuka ba, a kan ka kai masa buhuna idan kaka ta yi. Dawar da ke rumbun nan, wani kaso nata ba taka ba ce.

Alhaji: A gonata ta fito.

Akanta: Ka riga ka sayar.

Alhaji: Da wancan farashin? Kafin dawa ta fid da kai kuɗin ya narke. Abin da suka ba ni a Yuni, a Disamba ko buhunan da zan zuba ta bai saya ba.

Nan kam Akanta bai ce uffan ba. Shi ma albashinsa da fam ake biya.

Akanta: Rasit fa? Ko guda ba ka ajiye ba?

Alhaji: Rasit? Yanzu ka yi magana!

Ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ya zazzage. Takardu fal, wasu ja, wasu kore, wasu bayan kwalin sigari.

Alhaji: Daga gona zuwa kasuwa igiyar masu karɓar haraji bakwai. Wannan na hanya, wadda babu. Wannan na tsabta. Wannan na tallafi, ban san wa ake tallafawa ba. Wannan na wanda ya ɗaga igiyar ne, ya ce hannunsa ya gaji.

Akanta: Rabinsu ba hatimi. Ba zan iya shigar da su ba.

Alhaji: Ka gani ko, Liman? Wanda na ci a shigar, wanda aka ci ni ba ya shiga. Boko ke nan.

Akanta: Saura marayu. Duk ƙungiya mai rajista tana miƙa rahoton kuɗi a shekara. Wa ye shugaba?

Alhaji: Ni.

Akanta: Ma'aji?

Alhaji: Wa zan amince wa a zamanin nan?

Akanta: Dawar da ake dafa wa yara, a ina ake saye?

Alhaji: A shagon mutumin kirki.

Akanta: Wa ya yanka farashi?

Alhaji: Mun zauna mu uku, shugaba da ma'aji da mai shago, ba a ko ɗaga murya ba.

Akanta: Dole a samu mutum biyu masu sa hannu, Kawu, kuma mai sayarwa ba ya cikinsu. A buɗe wa ƙungiya asusunta daban.

Alhaji: Hannu biyu? Ga dama, ga hagu.

Akanta ya share fuska, ya nemi wayar Alhaji. Tun canjin takardun ɗari biyar da dubu ɗaya a Disamban 2024, lokacin da sai ta asusun banki ake karɓar tsofaffin, Alhaji ya tone abin da ya binne ya koma Bankak, manhajar banki ta waya. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, waya ba ta mantuwa.

Akanta: Kawu, gyaran tarakta sau ashirin da shida cikin wata huɗu. Duka lamba ɗaya, duka bayan isha'i.

Alhaji: Bakanike ne mai aikin dare.

Labule ya motsa.

Hajiya: Wace tarakta? Wadda kajina suke ƙwai a cikinta shekara uku?

Alhaji: Hajiya, maganar maza ake.

Hajiya: Karanto mini, ɗana. Karanto da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi.

Akanta: Gyaran tarakta, turare. Gyaran tarakta, lalle. Gyaran tarakta, zobe da mayafi biyu.

Hajiya: Ikon Allah. Liman, tarakta tana ƙunshi?

Liman: Ni dai ban taɓa ɗaura wa tarakta aure ba, Hajiya. Amma an ce in zo ranar Juma'a.

Alhaji: Kai, lokacin salla ya yi! Ku tashi, ku tashi!

Liman: Alhaji, ƙarfe goma na safe ne.

Alhaji: Da sabon lokaci ko da tsoho?

Hajiya: Zauna. Ɗana, kai kuma buɗe littafi na huɗu.