Ta zo ta ɗaya a Kano, a Manchesta aka sa ta rukuni na huɗu

A wata yammar Alhamis ta watan Nuwamba, lokacin da duhu ke rufe garin Manchesta na Ingila tun ƙarfe huɗu da rabi, na tafi makarantar 'yata domin ganawar iyaye da malamai. An jera ƙananan tebura a zauren da yara ke cin abincin rana, kowane malami da sunansa a rubuce a gabansa, kuma minti biyar kacal aka ware wa kowane uba kafin ya tashi ya ba na bayansa kujera. Na tafi riƙe da katin sakamakonta na Kano, daga makarantar kuɗin da na shekara bakwai ina biya ba tare da na taɓa yin latti ba. Katin ya nuna ta zo ta ɗaya cikin yara 28, ta kuma ci 94 a lissafi.

Malamar lissafin, dattijuwa mai furfura, ta buɗe littafin aikin yarinyar ta nuna mini tambaya guda, wadda aka ce a raba kuɗi tsakanin mutum uku, ɗaya ya sami ninkin na biyu, na ukun ya sami rabin na farko. Yarinyar ta rubuta ƙa'idar daidai a saman shafi, daga nan kuma ba ta ƙara ko layi ɗaya ba. Malamar ta ce tana da hadda mai kyau, amma da zarar an sauya wa tambaya riga sai ta kasa gane ta, shi ya sa aka ajiye ta a rukuni na huɗu cikin biyar. Na miƙa mata katin da wata 'yar isa. Ta duba shi cikin ladabi, sannan ta tambaye ni wanda ya fitar da tambayoyin da aka ci wannan 94 ɗin, da wanda ya duba takardun. Na buɗe baki zan ce makarantar ce, sai na ji amsar ta yi mini nauyi.

A wannan makaranta ta gwamnati, wadda ba na biyan ko sisi, ba a faɗin wanda ya zo na ɗaya ko na ƙarshe. Abin da kowa ke hange shi ne jarrabawar kammala sakandare ta GCSE da yara ke yi suna da shekara goma sha shida, wadda tun 2017 aka fara ba da sakamakonta da lamba daga 9 zuwa 1, inda 9 ce mafi girma, 4 kuma ke nufin an tsallake da kyar. Hukumomi ne na waje, irin su AQA da OCR da Edexcel, ke fitar da tambayoyi, su aika takardun wa masu dubawa da ba su san yaron ba balle ubansa, sannan hukumar Ofqual ta sa ido a kansu duka. A lissafi takardar ma hawa biyu ce, kuma yaron da aka rubuta wa ƙaramar ba zai wuce 5 ba ko da bai faɗi tambaya ɗaya ba. Saboda haka malamar ba ta da abin da za ta ci idan ta faranta mini rai a Nuwamba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar tana nan tafe a watan Agusta na shekarar da sakamako zai fito.

Da na koma gida ban iya cin abinci ba, sai na kira wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda yanzu yake koyarwa a wata makarantar kuɗi. Na ce masa, Malam, don Allah faɗa mini gaskiya, yaya kuke ba da maki? Ya yi dariya ya ce mai makarantarsu ba ya son ganin jan biro a kati, domin duk uban da ya ga ɗansa ya faɗi, zangon gaba zai kwashe yaransa ya kai makarantar da ke layin baya. Maki arba'in na aikin aji kusan kyauta ake bayarwa, tambayoyin jarrabawa kuma su ne waɗanda aka yi bita a makon da ya gabata. Ba sai na yi wa kowa bayanin cibiyoyin da ake kai yara rubuta WAEC da NECO a bayan gari ba, mun san su, wasunmu ma sun biya.

Kada a ɗauka ina cewa Turawa sun fi mu tsoron Allah. A 2020 da 2021 annobar korona ta sa aka soke jarrabawa a Ingila, aka bar wa malamai su ba ɗalibansu maki da kansu. A makarantun kuɗinsu, waɗanda ba su ɗauke da ko kashi goma cikin ɗari na yaran ƙasar, sakamakon A da abin da ya fi shi a jarrabawar shiga jami'a ya tashi daga kusan kashi 44 a 2019 zuwa kusan kashi 70 a 2021. Na makarantun gwamnati ma ya hau, amma tazarar da ke tsakani ta ƙara faɗi. Wato da aka janye mai dubawa na waje, malamin da albashinsa ke fitowa daga aljihun uba ya yi abin da takwaransa na Kano ke yi. Haka kuma na san akwai makarantun kuɗi a gida da ke koyarwa da gaske, kuma na san halin da na gwamnati ke ciki, tunda ba mu manta da 2017 ba, lokacin da malaman firamare sama da 21,000 a Kaduna suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Duk da haka, uban da ke kai ɗansa makarantar gwamnati ya san abin da ya samu, ni kuwa shekara bakwai ana sayar mini da kwanciyar hankali, ina karɓar rasit.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tsananin da na gani a wurin wannan dattijuwa ba baƙo ba ne a wurina. Ni ɗan makarantar gwamnati ne tun daga firamare, kuma na ƙare a ɗaya daga makarantun kimiyya da jihar Kano ta fara buɗewa a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, inda sai an ci jarrabawar shiga ake samun gurbi, ɗan manomi da ɗan kwamishina kuma gado ɗaya suke hawa sama da ƙasa. Malamin lissafinmu ya taɓa ba ni 38, ya zagaye da jan biro har takardar ta huje, kuma da na kai wa mahaifina ƙara, sai ya ce in koma in gaishe da malamin in yi masa godiya. Da wannan karatun na sami aikin da ya kawo ni ƙasar nan. Amma da muka yi albashi, ni da sa'o'ina duka muka kwashe 'ya'yanmu muka kai inda ake saka taye da safa fara, muka bar azuzuwan da suka raine mu ga waɗanda ba su da bakin magana, sannan muka zauna a majalisa muna cewa ilimi ya lalace. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban taka ƙafata makarantarmu ba, ko taron tsofaffin ɗalibai ban taɓa halarta ba.

Yarinyar ta yi kuka a daren, ta ce, Baba, ashe duk ƙarya suke yi mini? Na ce mata ba ita ta yi ƙaryar ba. Yanzu bayan sallar isha'i mukan zauna a teburin kicin mu yi tambaya biyar, ni ke dubawa, kuma na sayi jan biro musamman a shagon da ke ƙasan gidanmu. A makon jiya na ba ta biyu cikin biyar, ta kwana ba ta yi mini magana ba.