Ayar da muke mannawa a mota, da gonar da Irmiya ya saya yana tsare

Duk ƙarshen shekara in ka shiga sujada sai ka ji an jawo Irmiya 29:11, ayar nan da Ubangiji ke cewa shirin da yake yi wa mutanensa na alheri ne ba na masifa ba. Tana jikin kalanda, tana bayan mota, har a katin biki na gan ta. Ban ce laifi ba ne fa. Abin da ke damuna shi ne da wuya ka ji an tambaya wai su wa aka rubuta wa.

Wasiƙa ce annabi Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya kwashe zuwa Babila a shekarar 597 kafin haihuwar Almasihu, kuma aya ta 10 da muke tsallakewa cewa ta yi sai shekara 70 sun cika tukuna. Ya ce su gina gidaje, su yi lambu, su aurar da 'ya'yansu, har garin da ya kama su ma su riƙa yi masa addu'a. Ka ga kenan dattijon da aka karanta wasiƙar a gabansa ya san a can za a binne shi. A zamanin akwai wani Hananiya, shi ma annabi yake ce da kansa, ya tsaya a Haikali ya ce haba, cikin shekara biyu kowa zai dawo gida, har ya cire karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuya ya karya a gaban jama'a. Da yau ne na san cocin wa zai fi cika. Shekarar ba ta ƙare ba Hananiya ya mutu, bauta kuwa tana nan.

Wani zai ce to in hukunci ya riga ya sauka mene ne amfanin tuba? Ai Irmiya bai taɓa cewa ƙofa a rufe take ba, a sura 18 da aka aike shi gidan maginin tukwane an faɗa masa ƙarara duk al'ummar da ta bar muguntarta za a fasa abin da aka shirya mata. Matsalar irin tuban ce. Karanta sura 34 ka sha mamaki, da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, sarki Zedekiya da manyan gari suka yi alkawari za su saki bayinsu Ibraniyawa, har da yanka ɗan maraƙi aka raba biyu suka bi ta tsakiya, kuma suka sake su ɗin. Da rundunar Masar ta taso Babiloniyawa suka ɗan ja da baya, sai kowa ya bi bawansa ya kamo. Tuban muzuru kenan, kaza a baki. Ni ma na san irin alkawuran da na yi a bakin gadon asibiti, ba sai na faɗi inda suka kwana ba.

Wurin da ya fi taɓa ni dai sura 32 ce. Shekara ta goma ta mulkin Zedekiya, birni a kewaye, Irmiya kansa yana tsare a farfajiyar masu gadin fada saboda bakinsa ya ƙi yin shiru, sai ga ɗan baffansa Hanamel ya zo wai ya sayi gonarsa da ke Anatot. Gona a bayan gari, ga abokan gaba ko'ina, wa zai saya? Mutumin da ya shekara kusan 40 yana cewa garin nan zai faɗi, shi ne ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, aka rubuta takarda, aka hatimce, shaidu suka sa hannu, ya miƙa wa magatakardansa Baruk ya ce a sa a tukunyar ƙasa don ta daɗe, domin wata rana za a sake cinikin gidaje da gonaki a ƙasar.

Ba a jima ba aka ƙone Urushalima da Haikalin duka. Shi kuma mai gonar, waɗanda suka rage suka ja shi zuwa Masar bayan ya gama ce musu kada su je.