Ku bar yaro ya ɓata jikinsa da tuwo

Jiya a gidan suna na ga yaro ɗan shekara 3 da rabi an zaunar da shi ana ba shi shinkafa a baki, hannuwansa na kan cinya kamar baƙo. Da na yi magana sai uwar ta ce, "Anti, ai ɓata kaya yake yi." To kaya dai ai wanki ne maganinsu.

Ni a ganina gaggawarmu ce ke hana yara koyo. Tun yana wata 9 zuwa 12 yaro ke fara tsintar abu da babban yatsa da manuni, kafin shekara 1 da rabi kuma yana iya kai cokali baki, ko da rabin abincin zai zube a hanya. A lokacin ne mu kuma muke ƙwace cokalin. Wasu ma har yau ɗura suke yi, a danne yaro a toshe masa hanci a zuba kunu. Don Allah a daina. Kunun na iya sarƙe shi ya gangara huhu, sannan ya tashi yana ganin kwano kamar abokin gaba.

Abin da na yi wa tawa 'yar ba wani tsada. Na shimfiɗa tsohon zani a kan tabarma, na yanka tuwo ƙananan loma, da dafaffen dankali da ayaba, muka mayar da abin wasa: loma ɗaya tata, ɗaya ta 'yar tsanarta. Cokali biyu nake kawowa, ta riƙe ɗaya in riƙe ɗaya, don kada ta tashi da yunwa. Gyaɗa da dabino mai ƙwallo kam ban yarda ba, suna maƙale wa yaro a wuya. Bisimilla da cin abinci da hannun dama kuwa a nan ta koya. Ai shi ma Umar bin Abi Salama yana yaro, hannunsa na yawo a akushi, Annabi (SAW) bai hana shi ci da kansa ba, gyara masa ya yi.

Sa kaya ya fi sauƙi idan aka fara da tuɓewa, don ɗan shekara 2 gwani ne wajen cire hula da takalmi. In zan sa mata riga sai in ce, "Ina kan ya shiga? Ya ɓata!" Ta leƙo tana dariya. Wando mai roba nake saya, zariya da ƙananan maɓallai sai nan gaba.

Har yanzu silifas ɗinta juye take sawa, ƙafar dama a hagu. Kakarta ta ce abin kunya ne a fita da ita haka. Ranar Juma'a haka muka je gidan kawunta, ba wanda ya lura sai kakar.