A raba zane da rubutun 'yan daba

Na karanta yadda dattawan unguwa ke neman a goge duk abin da ke jikin katangu, a kuma ci tarar wanda aka kama da fenti. Iyayenmu, ina tare da ku rabi, amma kun haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba.

Rubutun da 'yan Sara-Suka ke yi da daddare, na sunan ƙungiya ko laƙabin wani, shata iyaka ne: nan namu ne, kada ɗan wata unguwa ya taka. A Jos, inda rikicin 2001 da na 2008 suka riga suka raba mana unguwanni, wannan ba abin wasa ba ne. A goge shi tun da safe, a kira iyayen yaron.

Amma yaron da ya nemi izinin mai gida ya zana wa katanga ado, mene ne laifinsa? Ado a bango gadonmu ne. Duk mai shakka ya je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya leƙa sashen gine-ginen gargajiya ya ga kwaikwayon masallacin Zariya, ko ya dubi dagin da magina ke fitarwa a fuskar zaure.

Abin da ya fi ɓata min rai, babu wanda ya ambaci fastocin 'yan siyasa da ke lulluɓe gadoji da katangun makarantu. Zaɓe ya wuce, suna nan suna ruɓewa. In za a ci tara, a fara da su.