Alhaji Bakano Ya Zo Karɓar Ajiyarsa

(Ofishin ma'aji a sakatariyar wata ƙaramar hukuma. Ma'ajin Bazazzagi ne. Injiniyan sashen ayyuka na gefe yana kurɓar shayi. Alhaji Bakano ya shigo da rasit naɗe a leda uku.)

BAKANO: Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, ajiyata na zo karɓa. Naira dubu 200 cif, ta yankan titin da na yi na tsallakar da fayif daga bohol zuwa shagona.

MA'AJI: Wa alaikumus salam. Bakano da kuɗi, ko gaisuwa sai an biya! Alhaji, rasit biyu aka ba ka. Na farko kuɗin izini ne, ya shiga kuɗin shiga tun ranar, ka yi masa addu'a. Na biyu shi ne ajiya, yana littafi daban, ba mu da ikon taɓa shi sai injiniya ya sa hannu cewa ka mayar da titi yadda ka same shi.

BAKANO: Ai na mayar. Har gyara na ƙara masa.

INJINIYA: Alhaji, da me ka cike ramin?

BAKANO: Da ƙasar da ta fito, da ɓaraguzan bulo, sai yashi baro biyu. Yaran shago suka tattake, Ɗanliti ma ya yi tsalle a kai.

INJINIYA: To ga abin da ke bayan takardar da ka sa wa hannu. A yanka kwalta da injin yanka, bakinta ya fita miƙe, ba a farfasa da diga ba. A zura fayif cikin wani babban bututu, don in ya fashe gobe a zare shi ba sai an sake tona ba. A lulluɓe da yashi. Sannan jar ƙasa, hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa, a bi da injin daɓe kafin a zuba na gaba. Sai tsakuwa, a daɓe, a fesa ruwan kwalta, a shimfiɗa kwalta kamar santimita 5 daidai da tsohuwar.

BAKANO: Duk wannan don rami ɗaya? Ko kabarin sarki ne?

INJINIYA: Ɓaraguzai suna barin kogo a tsakaninsu. Ruwan farko ya shige, ƙasa ta zauna, tifa ta taka, gefen kwalta ya fara gutsurewa. Shi ya sa muke jiran damina ɗaya ta wuce kafin mu duba. Faɗin taku biyu ka yanka. Jiya na auna, ya kai mita 3, kuma na tarar da agwagi a ciki.

BAKANO: Agwagin maƙwabcina ne, ni ba ruwana.

MA'AJI: Mun aika maka takarda da wa'adin gyara.

BAKANO: Wata mai tambari? Af, ita aka ƙunshe wa Hajiya tsire.

MA'AJI: To wa'adi ya cika. Injiniya ya kawo rahoto, mun rubuta bauca, ajiyarka ta tashi daga littafin ajiya ta koma kuɗin shiga. Odita zai zo ya ga rahoton, da kofin takardar, da baucar a fayil ɗaya. In ɗaya ta ɓata, ni za a tuhuma.

BAKANO: Innalillahi! To tunda kun cinye, gobe ku zo ku toshe ramin da kuɗina.

MA'AJI: Kuɗinka? Ai ya zama ɗan gwamnati. Ya haɗu da kuɗin rumfunan kasuwa da na tasha a asusu ɗaya. Kafin ya fito sai an sa aikin a kasafi, kansiloli sun amince, ciyaman ya sa hannu.

INJINIYA: Kuma ko ya fito ba zai isa ba. Da farashin bara aka yanka maka ajiya, ramin bana kuwa ya ninka. Ragowar ma kai za a bi.

BAKANO: Ni? To kuɗin Abuja fa, da muke ji a rediyo duk wata?

MA'AJI: Kashi 20.6 cikin ɗari ne na ƙananan hukumomi 774. Naku na Kano kaɗai 44, kun cika layi. Albashin malaman firamare da na ma'aikata ke fara cin rabonsa, titi ya samu abin da ya rage. Kotun Ƙoli ta ce a ranar 11 ga Yulin 2024 a daina bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, a turo mana kai tsaye. Ka ga wayata nan, kullum a caji take.

BAKANO: To ku ce titin na tarayya ne mana, hukumar gyaran titunan tarayya, FERMA, ta zo.

INJINIYA: Lungun shagonka? Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce titunan unguwa da lambatu namu ne.

(Bakano ya yi shiru, ya ƙirga wani abu da yatsu, ya gyara hula.)

BAKANO: Ranka ya daɗe, in an sa a kasafin, wa za a ba kwangilar?

MA'AJI: Wanda ya yi rajista ya ci.

BAKANO: Ai ba wanda ya san ramin nan kamar ni. Ga Ɗanliti, ga baro.

MA'AJI: Bismillah. Fom ɗin na ofishi na gaba. Sai dai in an gama aiki ana riƙe wani kaso na kuɗin, sai damina ta wuce injiniya ya je ya duba.

BAKANO: Wannan injiniyan?

INJINIYA: Ni ɗin nan, Alhaji.

BAKANO: Yaushe za ka yi ritaya?