Wane laifin baya ne za a rufe, wanne ne za a tsaya a bincika?

Duk sanda aka ɗago maganar nan ta ko ya dace ka riƙe wanda za ka aura da abin da ya taɓa aikatawa, sai ka ga mutane sun rabu biyu, wasu su ce abin da ya wuce ya wuce, Allah ma yana yafewa ballantana ɗan Adam, wasu su ce a'a hali zanen dutse ne, wanda ya yi jiya zai yi gobe. Ni a ganina kowa yana da gaskiyarsa, inda matsalar take shi ne ana ɗora kowace magana a inda ba wurinta ba. Wallahi mun juya abin gaba ɗaya. Abin da ya kamata a binne shi ake tonowa, wanda kuma ya kamata a tsaya a duba da idon basira shi ake cewa a yi haƙuri ai ya wuce.

Ga yarinya ta yi kuskure tana ƙarama, wani ya yaudare ta ko ƙuruciya ta ja ta, ta yi nadama ta daina, shekaru sun shuɗe babu wanda ya ƙara jin wani abu a kanta, amma ranar da aka ce mijin aure ya fito sai ka ga an samu masu kai labari, wani ya kira a waya, wata ta turo tsohon hoto, wani ya adana sikirinshot na shekara da shekaru yana jiran wannan ranar kawai. A fasa aure, kuma a ce an yi taimako. A ɗaya gefen kuma ga namiji wanda matarsa ta farko da kumburarriyar fuska ta bar gidansa, ta biyu ma haka, kowa ya sani, amma in ya fito neman ta uku sai a ce ai laifin matan ne, ko a ce wa yarinyar ke dai ki yi haƙuri za ki gyara shi. To don Allah a cikin biyun nan wane ne bayansa zai biyo shi cikin sabon gida?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tun zamanin sahabbai an raba mana abubuwan nan biyu tsaf. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa wani ya nemi auren 'yar'uwar wani mutum, sai ɗan'uwan nata ya gaya wa manemin cewa ai ta taɓa yin abin kunya. Da labari ya isa wurin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, sai ya doke shi ko ya kusa dukansa, ya ce masa ina ruwanka da ba da wannan labarin. Umar fa, wanda kowa ya san tsananinsa a kan gaskiya. Bai ɗauki wannan tonon a matsayin amana ba, ya ɗauke shi a matsayin yaye rufin da Allah ya yi.

Sai kuma ka dubi hadisin Fatima bint Ƙais a Sahihu Muslim. Ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce Mu'awiya da Abu Jahm sun nemi aurenta. Bai ce mata je ki zaɓi wanda ya kwanta miki ba tunda duk mutanen kirki ne, ya gaya mata kai tsaye cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, shi kuma Abu Jahm ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, a wata ruwayar ma an fito da shi fili cewa mai yawan dukan mata ne, sannan ya ba ta shawara ta auri Usama bin Zaid. Da wannan hadisin malamai suke kafa hujja cewa in an nemi shawararka a kan aure ka faɗi aibin da zai cutar da mai tambaya, ba gulma ka yi ba. Kun ga bambancin ai. Zunubin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa ya tuba ya bari, a rufe. Halin da yake cutar da wanda ake zaune da shi, kuma har yanzu yana nan, a faɗa, ko ran wa zai ɓaci.

Shi ya sa ni in aka tambaye ni, ban cika damuwa da girman abin da mutum ya yi ba kamar yadda nake damuwa da wa abin ya cutar, sau nawa ya maimaita, kuma yaushe ya daina. Duka, zagin ƙare dangi, ƙaryar da ta zama jiki, cin amanar kuɗi, kishin da ya kai a hana mutum gaisawa da 'yan'uwansa, waɗannan ba tuntuɓe ba ne da mutum zai yi sau ɗaya ya wuce, yadda mutum ya saba mu'amala da na kusa da shi ne, kuma ɗaurin aure ba ya goge su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2021 cewa kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi na jima'i, kuma mafi yawa daga hannun mijin ko saurayin ne. A Ingila har tsari suka kafa a 2014 da ake kira dokar Clare, wanda ya ba mutum damar zuwa wurin 'yan sanda ya tambaya ko wanda yake tare da shi yana da tarihin cin zarafi. Sunan wata mata ne Clare Wood da tsohon saurayinta ya kashe a 2009, mutumin da ya riga ya ci zarafin wasu matan tun kafin ita. Wato akwai bayan da rashin saninsa rai yake ci, ba wasa ba.

Cin amana ma haka. Masu bincike a jami'ar Denver ta Amurka sun bibiyi mutum 484 daga wata soyayya zuwa wadda ta biyo baya, a sakamakon da suka wallafa a 2017 sun ga wanda ya ci amana a ta farko ya fi wanda bai ci ba yiwuwar maimaitawa har ninki 3. Wannan ba ya nufin duk wanda ya yi sau ɗaya ya tabbata a haka har abada, a cikinsu akwai waɗanda ba su sake ba, amma ya isa ya nuna maka cewa wadda ta ce zan tsaya in ƙara lura ba mugun zato take yi ba, hankali ne.

Akwai kuma abubuwan da sunansu kawai ne baya amma tare da kai za su shiga gidan. Ciwo mai yaɗuwa kamar HIV ko ciwon hanta, ɗa ko 'ya da kake da shi a wani wuri, auren da ka taɓa yi, bashi mai nauyi a wuyanka, ƙwayar da har yanzu kake sha a ɓoye kana cewa ka kusa dainawa. Ɓoye irin wannan yaudara ce tsagwaronta, kar wani ya fake da rufin asiri a nan. Ba sai ka ba da labarin yadda aka yi ba, amma abin da zai taɓa lafiyarta ko haƙƙinsa dole a sani kafin a shiga.

Toh yaya za a gane mutum ya canza da gaske? Ni abin da na fi kallo shi ne yadda yake ba da labarin. In duk waɗanda ya rabu da su a bakinsa mahaukata ne, marasa tarbiyya ne, shi kaɗai ne ba ya laifi, wallahi ki ji tsoro, domin watarana sunanki zai shiga jerin. Wanda ya canza za ki ji ya ce na zalunce ta, ba tare da ya liƙa "amma ai ita ma" a ƙarshe ba, za ki ga ya mayar da haƙƙin da ya ci, ya rabu da abokan da suke kai shi can, kuma lokaci ya ja yana a kan hakan tun kafin ya san ki, ba wai wata biyu da fara zance ya zama waliyyi ba. Kuma maganar nan ta shafi mata ma, akwai macen da bakinta da hannunta sun kori miji fiye da ɗaya, namiji ma yana da haƙƙin ya sani. Haka kuma akwai saurayin da ya yi shaye-shaye ko ma ya taɓa zaman gidan yari yana ƙarami, ya fito ya kama sana'a ya nutsu shekara goma, amma har gobe da tsohon sunan ake kiransa, duk gidan da ya je neman aure sai an riga shi da labari. Shi ma zalunci ne, kuma irin wannan ne yake sa wasu su ce tunda ba za a taɓa yarda da ni ba bari in koma.

Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne masu titsiye. Ka zaunar da yarinya ka ce sai ta rantse ta gaya maka duk abin da ta taɓa yi, wai don kada a samu ɓoye-ɓoye a tsakaninku, ita kuma don ta yarda da kai ta faɗa tana kuka, ka ce ba komai na yafe, alhali ma ba kai ta yi wa laifin ba, lokacin ko saninka ba ta yi ba. Kai kuma naka ka ninke ka sa a aljihu. Laifi tudu ne dai. In ka san zuciyarka ba za ta ɗauki amsar ba me ya sa ka tambaya? Ke ma 'yar'uwa, abin da Allah ya rufa miki kika tuba kika bari, ba dole ba ne ki zazzage wa kowa don ki nuna kina son shi.

Ban ce dole ne kowa ya iya jurewa ba fa. Zuciya ba a yi mata dole. Wahshi shi ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu shekara ta 3 bayan hijira, daga baya ya musulunta, Manzon Allah ya karɓi musuluncinsa bai hukunta shi ba, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gabansa, yana cikin Bukhari. Ashe za ka iya barin mutum da tubarsa ba ka tozarta shi ba, kuma duk da haka ka ce ni ba zan iya kusantarka ba. Saboda haka in ka ji wani abu game da wadda kake nema ka ga ba zai bar ka ka yi barci ba, kana da damar janyewa, babu wanda zai ce ka yi laifi. Inda laifin yake shi ne ka janye kana yaɗawa, ko kuma wanda ya fi muni, ka ce ka amince a yi auren, sannan duk ranar da aka samu saɓani ko a kan ƙaramin abu ne sai ka jawo shi, ai dama na san ko ke wace ce, ai ni na rufa miki asiri. Gori kenan, kuma gori yana kashe aure a hankali, mace ta koma ba ta da bakin faɗin an cuce ta ko da an cuce ta ɗin, saboda ta san me za a jefe ta da shi. Wani lokacin ma a gaban yara ake yi, yaro ya tashi da maganar da bai kamata ya taɓa ji a kan uwarsa ko ubansa ba, kuma ba zai manta ba.

Don haka ɗan'uwa in har ka riga ka ji, ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka ko za ka iya yin fushi da ita nan da shekara biyar ba tare da wannan maganar ta fito daga bakinka ba. In ka ga ba za ka iya ba, ka sallame ta tun yanzu cikin mutunci, in an tambaye ka dalili ka ce Allah bai yi ba, ka goge abin da aka turo maka, kada ka tura wa kowa.